Saɓanin Fayilolin Saiti a Jakar Gida ta Tarayya

Jakar gida ita ce jakar da tsarin Unix da Linux ke ware wa kowane mai amfani, galibi a ƙarƙashin /home. A nan yake ajiye takardunsa, a nan kuma manhajoji ke rubuta saitinsu cikin ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo, irin su .bashrc da .profile. Idan aka ɗora jakar a kan sabar guda, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima, domin kwamfutoci da yawa su riƙa ɗaukowa, kamar ta hanyar NFS, tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci da kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984, mutum yakan tarar da kayansa a duk na'urar da ya zauna a kai. Saɓani yana tasowa ne saboda jakar ta cakuɗa abin da ya shafi mutumin da abin da ya shafi na'urar.

Allon madannai ya isa misali. A ɗakunan kwamfuta na Garwa, Marwa ko Njamena akan sami allon Faransanci na AZERTY kusa da na QWERTY da aka shigo da shi daga Najeriya, kuma da zarar mutum ya zaɓi ɗaya a wannan na'ura, zaɓin yakan bi shi zuwa waccan, sai ya danna A a fito masa da Q. Haka ma saitin allon kallo da na firinta.

Bambancin siga ya fi wannan ɓarna, domin sabuwar manhaja takan sauya fasalin fayil ta yadda tsohuwar ba za ta iya karanta shi ba. Tun daga siga ta 67 a 2019, manhajar shiga intanet ta Firefox tana ƙin buɗe bayanan mai amfani da sabuwar siga ta riga ta taɓa. Firefox yana kuma ajiye fayil ɗin kulle domin kada na'urori biyu su yi rubutu lokaci guda, amma idan aka ɗauke wuta kafin a rufe shi, kullen yana iya saura, wata na'urar ta yi ta cewa manhajar na aiki alhali ba kowa a kai. Sannan NFS yana gane mutum ne da lambarsa ta UID, wato lambar da tsarin ke bai wa kowane mai amfani, shi ya sa mai lamba 1000 a nan da 1001 a can zai ga an hana shi fayilolinsa.

Ƙa'idar XDG ta freedesktop.org ta rage matsalar ta hanyar raba ajiya: saiti a ~/.config (alamar ~ tana nufin jakar gida), bayanai a ~/.local/share, tarkacen wucin gadi a ~/.cache. Mai kula da sabar yana iya mayar da na ƙarshen kan faifan kowace na'ura, ko ya sa sunan na'ura cikin XDG_CONFIG_HOME, mai nuna inda za a ajiye saiti, domin kowacce ta riƙe saitinta, sai dai har yau akwai manhajojin da ba sa bin ƙa'idar. A .bashrc kuwa akan rubuta sharaɗi mai duba sunan na'ura kafin zartar da umarni. Lambobin UID kuma ana daidaita su ne daga rumbu guda, kamar LDAP.