Ma'anar ba-zata a wasannin fidda gwani na besbol

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, aka shiga wasannin fidda gwani na babbar gasar besbol ta Amurka, babu kalmar da take yawo a bakin masu sharhin wasanni kamar ba-zata. Yau ƙungiya ta doke wata, a ce ta yi ba-zata; gobe wadda aka doke ta rama, ita ma a ce ta yi ba-zata. Abin ya zama tamkar yadda ake yi a dandalin siyasa, inda duk ɗan takarar da ya ci zaɓe sai a ce ya shammaci jama'a, ko da kuwa tun ana saura wata guda kowa ya san shi zai ci. Ba-zata dai ita ce aukuwar abin da mai hankali, wanda ya san kan lamarin, ba shi da dalilin tsammaninsa. Idan aka auna da wannan ma'auni, yawancin abin da ake kira ba-zata a besbol bai kai ba, domin tsarin gasar ne da kansa yake haifar da shi.

Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, sun kasu gida biyu, American League da National League, kuma kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Tun daga 2022, ƙungiyoyi 12 ne suke tsallakawa zuwa fidda gwani. A zagayen farko wanda ya ci biyu cikin uku ya wuce, a na biyu sai an ci uku cikin biyar, a na uku da kuma na ƙarshe, wato World Series, sai an ci huɗu cikin bakwai. Ke nan aikin wata shida ana yanke masa hukunci cikin kwana uku zuwa tara.

Matsalar ita ce besbol wasa ne da gwani ba ya yi wa na baya nisa sosai a rana ɗaya. Ƙungiyar da ta ci wasa 100 cikin 162 ana ɗaukarta gagara-badau, alhali ta sha kashi sau 62. Chicago White Sox ta 2024, wadda ta yi rashin nasara sau 121, duk da lalacewarta sai da ta ci wasa 41. A ɗauka cewa wata ƙungiya ta fi abokiyar karawarta har tana cin shida cikin kowane wasa goma da suka buga, wanda tazara ce babba tsakanin ƙungiyoyin da suka kai wannan mataki. Lissafi ya nuna cewa damar da take da ita ta tsallake zagaye mai wasa uku ba ta wuce kashi 65 cikin ɗari ba, a mai wasa biyar kashi 68, a mai wasa bakwai kashi 71. Wato ƙaramar za ta yi nasara kusan sau ɗaya cikin uku. Abin da yake faruwa sau ɗaya cikin uku kuwa ba a riƙe masa baki. Ga kuma batun masu jifa, wato waɗanda suke jefa wa mai bugu ƙwallo: a tsawon kaka ƙungiya tana juya manyan masu jifa biyar, amma a gajeren zagaye biyu ko uku sun isa, saboda haka ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi da ta mallaki gwanaye biyu tana iya hana babba sakat.

World Series na 1960 shi ne misalin da aka fi kawowa, kuma shi ne ya fi nuna inda ruɗanin yake. New York Yankees ta zo da kambu 18 a tarihinta, da Mickey Mantle, da Roger Maris, da Yogi Berra, da Whitey Ford. Pittsburgh Pirates kuwa rabonta da kambu tun 1925. A wasanni ukun da Yankees ta ci, kisan mummuƙe ta yi: 16 da 3, sai 10 da nema, sai 12 da nema, kuma Ford ne ya yi jifa a biyun da Pirates ta tashi babu ko maki ɗaya. Ita Pirates da ƙyar take sha: 6 da 4, sai 3 da 2, sai 5 da 2. Aka zo wasa na bakwai a filin Forbes da ke Pittsburgh, ranar 13 ga Oktoba. A zango na takwas cikin tara da ake yi a wasa, Yankees tana gaba da 7 da 4, sai Bill Virdon na Pirates ya buga wata ƙwallo a ƙasa, irin wadda aka saba kamawa a fitar da mutum biyu a tare. Ƙwallon ta ci karo da wani abu a ƙasa, ta yi tsalle ta bugi Tony Kubek na Yankees a maƙogwaro, har aka fitar da shi daga fili saboda rauni. Daga nan Pirates ta zuba maki biyar, uku daga cikinsu da bugu ɗaya na Hal Smith, ta koma gaba da 9 da 7. Yankees ta farke a farkon zango na tara. Sai Bill Mazeroski na Pirates, wanda aka fi sani da iya tsaro fiye da iya bugu, ya fito, Ralph Terry ya jefa masa ta farko, ta biyu kuwa ya ɗauke ta ta tsallake katangar hagu, aka tashi 10 da 9. Jimillar makin wasanni bakwai: Yankees 55, Pirates 27. Kyautar gwarzon gasar ma Bobby Richardson na Yankees aka ba, ɗan ƙungiyar da ta faɗi, kuma kwanaki kaɗan bayan haka aka sallami mai horar da Yankees, Casey Stengel.

Labari ne mai daɗi, amma a duba teburin kakar. Yankees ta ci wasa 97, Pirates ta ci 95. Wasa biyu ne kacal tsakaninsu. Abin da ya sa aka ga kamar dutse ya faɗo shi ne suna da tarihi, domin mutane suna auna ƙungiya da kambunan da kakanninta suka ci, sai su manta cewa Babe Ruth da Lou Gehrig, tsofaffin gwanayen Yankees, ba sa cikin fili a 1960. A nan ne tarihin ƙungiya yake yaudarar mai sharhi. Abin mamakin da ke cikin wannan gasa shi ne yadda makin ya rarrabu, da kuma ƙwallon da ta bugi maƙogwaron Kubek, amma nasarar Pirates kanta ba ta fi ƙarfin tsammani ba.

Wanda yake neman ba-zata ta gaskiya ya koma 1906, lokacin da ƙungiyoyin birnin Shikago biyu suka haɗu. Cubs ta ci wasa 116, ta faɗi 36 kawai, kuma har yau babu ƙungiyar da ta kai ta yawan kason nasara a kaka ɗaya tun da aka fara World Series a 1903. White Sox ta ci 93, kuma ita ce mafi rauni wajen bugu a ɓangarenta, har aka yi mata laƙabi da gwanayen da ba su iya bugu ba. Duk da haka ta ci huɗu, Cubs ta ci biyu. Haka Cleveland ta 1954, mai nasara 111, wadda New York Giants ta share huɗu a jere. Mets ta 1969 kuwa, wadda ta doke Baltimore Orioles mai nasara 109, mamakinta ya faru ne tun kafin Oktoba: ƙungiyar da ta faɗi wasa 120 a shekararta ta farko, 1962, kuma ba ta taɓa wuce matsayi na tara cikin goma ba, ita ce ta tashi ta ci wasa 100. Wannan ya fi kama da abin da Leicester City ta yi a Firimiyar Ingila a kakar 2015 zuwa 2016, inda ta riƙe wuta tsawon wasa 38, wanda sa'ar mako guda ba ta isa ta bayyana shi.

Akwai kuma abubuwan da ake cusawa ƙarƙashin kalmar alhali ba gidansu ba ne. Abin da Boston Red Sox ta yi a 2004, da ta faɗi uku a jere a hannun Yankees sannan ta ci huɗu a jere, farfaɗowa ce, kuma ƙungiya ce mai nasara 98 da kuɗi masu yawa. Kambun Cubs na 2016 ya kawo ƙarshen jiran shekara 108, amma Cubs ce ta fi kowa nasara a kakar, da wasa 103, saboda haka abin da aka zata ne ya faru.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu gasar suka mayar da ba-zata hajar sayarwa. Har zuwa 1968, zakarun ɓangarorin biyu ne kawai suke haɗuwa. A 1969 aka mayar da su huɗu, a 1995 takwas tare da gurbin alfarma ga ƙungiyar da ba ta zo ta ɗaya a rukuninta ba (kowane ɓangare ya kasu ƙananan rukunoni), a 2012 goma, yanzu kuma 12. Kowane ƙarin zagaye ƙarin kuɗin talabijin ne, kuma ƙarin rami ne a gaban ƙungiyar da ta fi kowa. Marlins ta ɗauki kambu a 1997 da 2003 ba tare da ta taɓa cin rukuninta ba. St. Louis Cardinals ta ɗauka a 2006 da nasara 83 kacal. Los Angeles Dodgers ta ci 111 a 2022, San Diego Padres mai 89 ta kore ta cikin wasa huɗu. A 2023 ƙungiyoyi ukun da suka ci wasa 100 ko fiye, wato Atlanta Braves da Orioles da Dodgers, duk sun faɗi a karawarsu ta farko, aka bar Arizona Diamondbacks mai 84 da Texas Rangers mai 90 a wasan ƙarshe.

Waɗanda suke biyan farashin wannan tsari su ne ƙungiyoyin da ake karanta tarihinsu da kambu kaɗai. Braves ta ci rukuninta sau 14 a jere tsakanin 1991 da 2005, idan aka cire 1994 da yajin aikin 'yan wasa ya katse, amma kambu ɗaya ta samu, a 1995, kuma har yau akwai masu kiranta ƙungiyar da take rawar jiki idan Oktoba ta zo. Seattle Mariners ta 2001, shekarar da Ichiro Suzuki ya zo daga Japan ya zama gwarzon ɓangarensa, ta ci wasa 116, daidai da Cubs ta 1906, sai Yankees mai nasara 95 ta fitar da ita cikin wasa biyar, ko World Series ba ta kai ba.