Met Gala da tsoffin tufafi: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Duk watan Mayu sai wayata ta cika da hotuna da tambaya iri ɗaya. Ga amsa nan, don Allah a bar ni in yi barci.

Wai gasar kwalliya ce?

A'a. Babu alƙali, babu kofi. Liyafar tara kuɗi ce ta sashen tufafi na gidan tarihin Metropolitan da ke New York, ana yin ta Litinin ɗin farko ta watan Mayu.

To me ya sa suke shiga kamar 'yan tashe?

Kowace shekara da jigonta, kuma daga baje kolin da za a buɗe ake ɗauko shi. Baje kolin nan shi ne maƙasudi, ku kuwa matakalar shiga da ake ɗaukar baƙi hoto kawai kuke kallo. Na 2018, kan tufafin da suka shafi cocin Katolika, mutum fiye da miliyan 1.6 suka je gani.

Nawa ne tikiti?

Dala 75,000 a 2024, kuma ko kana da su sai Anna Wintour, mai jagorantar liyafar, ta yarda da sunanka. Da Eleanor Lambert, mai tallata kayan kwalliya, ta fara abin a 1948, dala 50 ne.

Ina da babbar rigar kakana, saƙi ce mai aska takwas. In sa ta ranar ɗaurin aurena?

Yauwa, ka yi tambaya. Rigarka ce, ba ni da ikon hana ka, amma ka tuna Met Gala ta 2022. Tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta sa rigar da 'yar fim Marilyn Monroe ta sa a 1962, na 'yan mintuna kawai, ta canza zuwa wata da aka kwaikwaya, duk da haka masu adana tufafin tarihi suka yi mata ca. Gumi da turare da zafin jiki cin tsohon zare suke yi a hankali. Shimfiɗa ta a gado, ka duba kafaɗa da bakin aljihu da duk inda karin ninki ya daɗe. In ka ga hasken taga yana ratsa wurin, ko zaren aikin yana marmashewa a yatsanka, haƙura. In da ƙwarinta, mai yiwuwa ta jure awa ɗaya ko biyu, da 'yar ciki a ƙasa, ba fesa turare, ba rungumar abokai. Ko a haka ban ɗaukar maka alkawari ba, don saƙi yakan yi kyau a ido alhali ya mutu. Bayan biki kada ka rataye ta, nauyin aikin zai ja kafaɗa. Naɗe ta cikin farin yadin auduga wanda ba a sa wa sitaci ba, ban da leda, kafur kuma kada ya taɓa jikinta. Kada ka tsorata, rigar da ta kai yau ba a dare ɗaya za ta lalace ba.

In bai wa mai wanki ya ɗan wanke ta?

Kada ka kuskura. Rinin baba zuba yake yi, kuma kai tsaye farin zaren aikin zai shanye shi.