Waiwaye: Yadda Litar Mai Ta Yi Tsada a Accra, Daga Zamanin Nkrumah Zuwa Harajin Sidi Ɗaya

Sau biyu a wata lambobin da ke kan allon gidan mai suke motsi a Ghana, ranar 1 da ranar 16. Direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, mai jigila tsakanin Nima da Circle a Accra ya san ranakun nan kamar yadda ya san Juma'a. Tun da asuba, kafin ya ɗauki fasinjan farko, sai ya rage gudu a bakin gidan mai ya ɗaga kai ya duba. Idan lambar ta hau, a bakin yaron mota za ka fara ji. Hajiya mai shinkafa da wake ta miƙa kuɗin da ta saba biya, yaro ya ƙi janye hannu: "Hajiya, a ƙaro, mai ya hau." Ita ma amsarta a shirye take: "Ɗana, ran da ya sauka ban ga ka rage mini ba." Nan mota za ta kaure da surutu. Wani ya ce yaƙi ne, wani ya ce dala ce, wani dattijo a kujerar baya ya ce gwamnati ce kawai. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa dai abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya ya kama.

A ƙa'ida yaron mota ba shi da ikon ƙara ko pesewa ɗaya, wato kwabon Ghana. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU da takwarorinta ne ke zama da ma'aikatar sufuri su yanke kuɗin mota. Amma ƙa'ida daban, tasha daban.

Labarin ya faro ne daga Tema, garin tashar jiragen ruwa kusa da Accra. A 1963, zamanin Kwame Nkrumah, aka buɗe matatar mai a can tare da kamfanin Italiya, ana kiranta GHAIP, daga baya ta koma hannun gwamnati gaba ɗaya ta zama matatar da aka sani da TOR. Ƙasar ba ta da ɗanyen mai nata a lokacin. Sayowa take yi, ta tace, gwamnati ta yanke farashi. Tsarin ya tafi lafiya muddin ganga na da araha. Sai 1973 ta zo, ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin rijiya saboda yaƙinsu da Isra'ila, gangar da ake saye dala 3 ta koma wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Janar Acheampong ne ke mulki, kuma shekarun da suka biyo baya su ne dattawanmu ke kira zamanin kalabule: kaya a ɓoye, layi a ko'ina, farashin gwamnati a takarda, na gaskiya a bayan kanti. A 1979 juyin juya halin Iran ya sake ingiza ganga sama, kuma a wannan shekarar Najeriya, wadda Ghana ta dogara da ɗanyen manta, ta dakatar da ba da mai bayan sojojin Rawlings sun harbe tsoffin shugabannin ƙasa. Wanda ya rayu a Accra a lokacin ba ya mantawa da kwana a layin gidan mai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya haifi yawancin rigimar da muke ciki yau. Kowace gwamnati ta fahimci cewa ƙarin kuɗin mai na iya cin kujera, don haka idan ganga ta hau a duniya sai a danne farashi a gida, a ce wa matata ta sayar da asara, za a biya ta daga baya. Daga bayan nan ba ta cika zuwa ba. Bashi ya taru a wuyan matatar har ya kusa jan babban bankin kasuwancin gwamnati ƙasa. Da John Kufuor ya ga ba makawa, a Janairun 2003 ya ɗaga farashin mai da kusan kashi 90 cikin ɗari a tashi ɗaya, aka kuma ƙirƙiro haraji na musamman a kan kowace lita don biyan bashin matata. A Fabrairun 2005, bayan an gama zaɓe, aka sake ƙara kashi 50. 'Yan adawa suka fito kan titunan Accra, kuma sunan da suka raɗa wa zanga-zangar, a ƙasar da Turanci da Twi suka fi amo, kalmar Hausa ce: Wahala. Ba a sami wadda ta fi ta dacewa ba. A shekarar nan ce aka kafa hukumar kula da harkar mai ta ƙasa, NPA, don ta riƙa lissafa farashi bisa wani ma'auni, ko a raba mai da siyasa. Rabuwar ba ta yiwu ba. A Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, zaɓe na tafe a Disamba, kuma kuɗin mai ya zama babban makamin kamfen.

Ana cikin haka aka yi albishir. A 2007 kamfanonin Kosmos da Tullow suka gano rijiyar Jubilee a teku, daura da Cape Three Points, kuma a Disamban 2010 Shugaba Atta Mills ya buɗe famfon farko. A majalisun shayi na Zango an yi lissafin dokin rano sosai. Tunda mun zama masu mai, ai lita za ta koma kamar ruwan famfo. Har yau idan farashi ya tashi sai ka ji wani ya ce, "To ina namu man?" Amsar ba ta da daɗi. Mafi yawan abin da ake haƙowa rabon kamfanonin da suka zuba jari ne, kason gwamnati kuma a kasuwar duniya ake sayar da shi da dala, kuɗin ya shiga kasafi. Matatar Tema, mai iya tace ganga 45,000 a rana, ta shafe shekaru yau tana aiki gobe tana rufe. Saboda haka jirgi na fita da ɗanyen mai daga yamma, wani jirgin na shigowa Tema da tataccen fetur da dizal, akasari daga Turai, a farashin da aka yanke can. Haƙon ma ya kai ƙololuwarsa a 2019 da ganga miliyan 71 a shekara, zuwa 2023 ya sauko wajen miliyan 48. Ghana ba ta cikin OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, ba ta da murya a teburin da Saudiyya da Rasha ke yanke yawan man da za a fitar. Mai sayarwa ce ƙarama, mai saye ce da ba ta da zaɓi.

A tsakiyar 2015 gwamnatin John Mahama, tana cikin shirin asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ta cire hannunta daga yanke farashin fetur da dizal. Tun daga nan manyan dillalai ke shigo da mai, kamfanoni irin su GOIL da Shell da TotalEnergies da Star Oil su sa farashinsu, shi ya sa za ka ga gidajen mai biyu suna kallon juna da lamba daban-daban. An bar wani asusu da ke ɗauke kuɗin dakon tanka, don kada mutumin Bawku, can ƙuryar arewa, ya biya ninkin na Tema. An zaɓi lokaci mai kyau, domin ganga na gangarowa daga sama da dala 100 har ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Da an bar abin haka da talaka ya sha iska. Amma a Disamban 2015 majalisa ta zartar da dokar harajin makamashi, ESLA, don biyan basussukan wutar lantarki da shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, suka bari. Mai na araha a duniya, a Accra yana tashi. Ƙungiyoyin ƙwadago suka fita titi a watan Janairun.

Wannan ɗabi'a ce da ya kamata mai karatu ya riƙe, don ba ta da jam'iyya. Lita ita ce wurin da ya fi sauƙin karɓar haraji a ƙasar da yawancin mutane ba su da takardar albashi. Mai sayar da koko a Mamobi ba ta cikin kundin hukumar haraji, amma geronta da mota ya zo. Waɗanda suka soki harajin 2015 suna adawa, bayan sun hau mulki a 2017, su ma a 2021 sun ƙara nasu: pesewa 20 na makamashi, da pesewa 10 na tsafta wanda jama'a suka raɗa wa harajin bola. A ranar 6 ga Disamban 2021 direbobin haya suka ajiye motoci, mutane suka taka da ƙafa daga Madina da Kasoa.

Sai 2022, shekarar da har yanzu ake ambatonta da ajiyar zuciya. A Janairu litar fetur ba ta kai sidi 7 ba. Ranar 24 ga Fabrairu Rasha ta afka wa Yukren, ganga ta haura dala 120, dizal kuma ya fi fetur hauka domin Turai ta dogara da na Rasha. Har nan laifin yaƙi ne, ba musu. Amma a duba abin da ya faru daga baya. Zuwa Nuwamba ganga ta sauko wajen dala 90, wato ta yi sauƙi a duniya, amma a watan ne fetur ya kai kusan sidi 18 a Accra, dizal ya wuce 23. Me ya hau? Dala. A farkon shekarar sidi 6 da 'yan kai ke sayen dala ɗaya, zuwa Nuwamba sai ka ba da fiye da 14 a wurin 'yan canji. Dillalin da ya karɓo mai bashi daga waje zai sayar da sidi, ya jira makonni kafin ya tattara kuɗinsa, sannan ya nemi dala ya biya. Idan yana tsoron sidi zai zube kafin ranar, to ba da canjin yau zai yi lissafi ba, da na wata mai zuwa da yake hasashe zai yi. Tsoron nasa ma a famfo muke biyansa. Ita kuwa faɗuwar sidi daga bashin gwamnati ta taso: ƙofar rance a kasuwannin duniya ta rufe, masu jari suka kwashe kuɗinsu, a Yuli aka koma wa IMF, a Disamba ƙasar ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Sau uku aka ƙara kuɗin mota a shekarar, a Fabrairu da Mayu da Oktoba.

Wanda yake son ganin aikin dizal da idonsa ya je kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021. Tirela ce ke tasowa daga Nijar da buhuna jibge har sama, kwana da kwanaki a hanya, tana shan dizal kamar raƙumi a bakin rijiya. Mai kaya ya sayi albasa da sefa, wadda ke ɗaure da yuro, ya zo ya sayar da sidi mai narkewa. Daga kasuwar kuma sai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dako, ko ƙaramar mota ta sake ɗauko buhun zuwa Nima, tafiyar da a da ba ta kai haka nisa ba. Kafin albasa ta isa tiren mai tsire da dare, sau uku ko huɗu ta biya kuɗin mai. Haka shanun kasuwar Tulaku, haka tumatir, haka gawayi. Direban trotro kuwa yana tsakiyar guduma da uwar maƙera, domin kuɗin da zai kai wa mai mota kowane dare ba ya raguwa, fasinja kuma sun fara takawa da ƙafa idan tafiyar gajera ce.

Maganin da gwamnatin Akufo-Addo ta fito da shi, ta bakin mataimakinsa Mahamudu Bawumia, shi ne musayar zinariya da mai: babban banki ya sayi zinariyar cikin gida da sidi, a yi amfani da ita a shigo da mai ba tare da wawason dala ba. Jirgin farko ya iso a Janairun 2023. Farashi ya sauka a watannin, amma ganga ma na sauka, sidi kuma ya ɗan farfaɗo da labarin IMF, don haka har yau ana jayayya kan wa ya yi aikin. Masu suka sun yi ta tambayar asarar da babban banki ya ɗauka, kuma an dakatar da shirin a 2025. Ni dai abin da na ɗauka daga ciki shi ne, da kanta gwamnati ta amsa cewa ciwon na dala ne.

'Yan'uwanmu na Najeriya da suka ɗanɗani nasu bayan Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 sukan tambaye mu yadda muka jure. Mun riga su shiga ruwan da shekara takwas, shi ke nan bambancin. Yanzu ido na kan matatar Dangote a Legas, ko mai daga maƙwabta zai fi na Turai sauƙin dako, da kuma matatar Sentuo da 'yan China suka gina a Tema aka buɗe a 2024. Sai dai ko a ƙofar gida aka tace, da dala ake lissafin ɗanyen man.

Shekarar 2025 ta juya hoton 2022. Zinariya ta yi daraja a duniya, sidi ya yi ƙarfi daga sama da 15 zuwa wajen 10 da 'yan kai kan dala ɗaya cikin 'yan makonni, lambobin allo suka fara gangarowa, har aka sanar da rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari a ƙarshen Mayu. A tashoshi an sha cacar baki kafin wasu yaran mota su yarda su mayar da canji, kuma a karon nan Hajiya ce ke riƙe da hujja. Ba a yi sati biyu ba, a farkon Yuni, majalisa ta amince da ƙarin sidi ɗaya a kan kowace litar fetur da dizal, don sayen man injinan wuta da biyan bashin ɓangaren lantarki. Mahama ne a kan kujera, kamar a 2015, jama'a kuma suka sa masa suna harajin dumso. Yaƙin Isra'ila da Iran ya ɗaga ganga a tsakiyar watan, aka ɗan jinkirta. Ranar 16 ga Yuli, ranar sauya allo, ya fara aiki.