Waiwaye: Shanyewar Jiki Mai Zuwa a Ɓoye da Masu Ciwon Ƙofar Zuciya a Sudan

A Mai Wurno ko Gadarif, in aka ce jalɗa, wato shanyewar jiki, ta kama wane, kowa ya san abin da zai je ya tarar: baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi. Sai dai akwai wadda ba ta nuna ko ɗaya cikin waɗannan. Ɗan gudan jini ne zai toshe wata siririyar jijiya a ƙwaƙwalwa, wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake ba ya mutu, mai shi kuwa ya tashi ya yi alwala ya kama hanyar kasuwa. In ba hoton ƙwaƙwalwa aka ɗauka ba, babu mai sanin an yi.

A jikin gawa aka fara ganin abin. A 1965 wani likita ɗan Kanada mai aiki a Boston, Miller Fisher, ya ba da rahoton ƙwaƙwalen mamata 1,042 da aka duba, inda ya tarar da 'yan ƙananan ramuka a cikin 114, alhali da yawa daga cikin masu su ba a taɓa rubuta musu shanyewar jiki ba suna raye. Da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta CT ta fara aiki a Landan a 1971, MRI ta biyo baya a shekarun 1980, sai aka soma ganin tabon a jikin masu rai. An daɗe ana ɗaukarsa kayan tsufa kawai. Binciken Rotterdam na ƙasar Holan, wanda ya fito a 2003, shi ya sauya wannan tunani: an bi dattawa sama da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90, aka ga kusan ɗaya cikin biyar yana ɗauke da tabon, kuma haɗarin gigin tsufa a wurinsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Haɗarin cikakkiyar shanyewa ma ya ƙaru sosai. A 2013 ƙungiyoyin likitocin zuciya da na shanyewar jiki na Amurka suka shigar da wannan tabo cikin ma'anar cutar a hukumance.

Ina ruwan ƙofar zuciya da wannan? Zuciya tana da ƙofofi huɗu, abin da likitocin nan ke kira samam. Wadda ta fi ba mu wahala ita ce ta ɓangaren hagu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa. Yaro zai yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta, ba a ba shi fenisilin ba, garkuwar jikinsa ta juyo ta afka wa gaɓoɓi da zuciya. Bayan shekaru ƙofar ta yi kauri ta ƙuntata. Jini ya riƙa taruwa a ɗakin sama, ɗakin ya buɗe, bugun zuciya ya rikice, jinin da ya kwanta ya soma daskarewa. Duk ɓarɓashin da ya ɓalle daga nan, hanyar ƙwaƙwalwa a buɗe take gare shi. Tun 1978 binciken Framingham na Amurka ya nuna cewa mai ciwon ƙofa irin wannan, in bugunsa ya rikice, haɗarin shanyewarsa ya ninka na mai lafiya sau 17. Haka kuma in ƙwayar cuta ta yi sheƙa a kan ƙofar: wani bincike a Faransa a 2010 ya ga tabo a ƙwaƙwalwar kusan 8 cikin 10 na masu wannan larura, mafi yawansu babu wata alama a zahiri.

Amma abin da ya sa duniyar likitoci ta tashi tsaye a kan batun wani ne daban. A 2002 Alain Cribier, a birnin Ruwan na Faransa, ya sa wa wani majiyyaci sabuwar ƙofa ta cikin jijiya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Aikin ya karɓu ga tsofaffin Turai da Amurka waɗanda ƙofarsu ta taurare saboda shekaru. Da likitocin Jamus suka ɗauki hoton MRI bayan irin wannan aiki a 2010, sai suka ga sababbin tabo a ƙwaƙwalwar kashi 84 cikin 100. Nan fa aka shiga ƙera wata 'yar raga da za ta tare ɓarɓashin kafin ya hau sama. An gwada ta a kan mutum 3,000 a 2022: kashi 2.3 suka shanye cikin waɗanda aka sa wa, kashi 2.9 cikin waɗanda ba a sa wa ba, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba. Gwajin Birtaniya na 2025, da ya fi wancan girma ninki biyu, shi ma bai nuna wata fa'ida ba.

An kashe dukiya mai yawa a wannan fanni, ba kuma laifi ba ne. Amma mai ciwon ƙofar zuciya a wurinmu ba ɗan shekara 80 ba ne. Binciken REMEDY na 2015 ya tattara majiyyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da Sudan da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 28 ne, kashi biyu cikin uku mata. Wato mai goyo ce, ko amarya, ko ɗalibi. In irin wannan tabo yana rage wa tsoho kaifin tunani a 'yan shekarun da suka rage masa, a ƙiyasta abin da zai yi wa wadda za ta ɗauke shi shekara 40. Kuma ita ce aka fi ƙarancin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta, don na'urar MRI a manyan birane take, kuɗinta kuma ba na talaka ba ne.

A ganina ma, rashin alamar nan wani lokaci rashin tambaya ne. Likita zai ce, "Hajiya, kin taɓa shanyewa?" Ta ce, "A'a, Dakta, Allah ya tsare." Sai ƙanwarta da ta rako ta ta ce, "Yaya, ranar nan fa da cokali ya suɓuce miki, kika kasa kiran sunan Auta?" Ta ce ai wannan gajiya ce, kafin la'asar ta warware. A gida an riga an yanke hukunci: ko jiri ne, ko iska, ko kambun baka. Irin wannan da ke zuwa na 'yan mintoci ya wuce, gargaɗi ne, asibiti ya kamata a nufa a ranar.

Maganin da ke tare gudan jinin tsoho ne: warfarin, wanda aka amince a bai wa mutane tun 1954. Da Albert Starr ya fara dasa ƙofar ƙarfe cikin nasara a 1960, sai ya zama duk mai ita da wannan ƙwaya za su rayu har ƙarshen rai. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Soba, kudu da Khartum, a 2007, ta yi wa dubban mutane aikin zuciya kyauta, mafi yawa na ƙofa. Wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai ƙofar ƙarfe ya san ƙaran nan, ƙyas-ƙyas, in dare ya tsala. Ya kuma san ɗan littafin awon siyula, wato awon tsinkewar jini, da ake ninkewa cikin leda, kowane layi da kwanan wata da lamba da adadin ƙwaya. Ga mai ƙofar ƙarfe a wancan gurbi na hagu, ana son lambar ta tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ta yi ƙasa, jini ya daskare. Ta yi sama, ya tsinke. Miyar lalo ko ganyen jarjir in an ci da yawa ba a saba ba suna saukar da ita, wasu magungunan ƙwayoyin cuta kuma su ɗaga ta. Mai ciki kuwa sai da shawarar likita tun kafin cikin, don maganin yana iya taɓa ɗan tayi. A binciken REMEDY, cikin waɗanda aka auna, kashi 28 cikin 100 ne kawai lambarsu take inda ake so. Wannan tun ana zaman lafiya ke nan.

An so a huta da awon. Sababbin magungunan tsinka jini ba sa bukatarsa, don haka aka gwada su. Gwajin masu ƙofar ƙarfe, da ɗaya daga cikinsu mai suna dabigatran, sai da aka tsayar da shi kafin lokaci saboda shanyewa da zubar jini sun ƙaru. A 2013 aka wallafa sakamakon. Gwajin INVICTUS na 2022 kuma, a kan mutum sama da 4,500 masu ciwon ƙofa da rikicewar bugu, ya nuna waɗanda suka sha sabon maganin rivaroxaban sun fi mutuwa a kan masu shan tsohon maganin. Saboda haka duk wanda ɗan'uwa ya aiko masa da sabuwar ƙwaya daga Jidda ko Alƙahira da sunan ta fi zamani, kada ya canza sai likitansa ya ce.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsinka wannan igiya. Mutanen Khartum suka gudu Wad Madani, a watan Disamba Madani ta faɗi, aka sake watsewa zuwa Sinnar, Gadarif, Kasala da Bur Sudan. Wani da littafinsa ya fita babu ƙwaya, wani da ƙwaya babu wurin awo, ya ci gaba da sha a kan tsohon ƙiyasi wata da watanni. Waɗanda suka faɗi an gan su. Waɗanda suka tsira da ƙafafunsu kuwa, yanzu da ake komawa gida, abin da ya kamata a fara nema musu shi ne awon siyula da gwajin bugun zuciya da hoton ƙofar, tun kafin a yi zancen MRI, domin ko an ga tabon, maganin dai shi ne a daidaita wannan lamba.

Can baya kuma akwai allurar fenisilin ta bayan kowane mako uku ko huɗu, mai kauri, mai zafi, wadda yara ke gudu. A Uganda an gwada ta a kan yaran da ciwon ya fara taɓa ƙofarsu bai bayyana ba: cikin shekara biyu ya ci gaba a jikin kashi 0.8 na masu karɓar allurar, da kashi 8.2 na waɗanda ba su karɓa ba. Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kan wannan ciwon ƙofar zuciya a 2018, Sudan ma tana da shirinta na yaƙi da ita tun kafin nan, wanda Farfesa Sulafa Ali ta jagoranta. A sansanonin 'yan gudun hijira, inda yara goma ke kwana a aji ɗaya na makaranta, ciwon maƙogwaron nan ya fi samun hanyar yaɗuwa, kuma sai bayan shekara 10 ko 20 za a ga ƙofofin da ya lalata.