Waiwaye: Yadda gyaran gidan haya ya rasa uba a Garwa

Duk shekara idan guguwar farkon damina ta taso a Garwa, a arewacin Kamaru, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kuka ɗaya ne ake ji a gidajen haya. Kwano ya ɗaga, ɗaki yana yoyo, an kira wakili ya ce sai ya ji ta bakin mai gida, mai gida kuwa yana Yawunde ko Duwala. Kafin amsa ta iso, ruwan Agusta ya tarar da iyali da robobi jere a tsakar ɗaki. Mai son ya gane yadda gyara ya faɗa tsakanin mutum uku ya rasa mai ɗauka, sai ya koma baya, zuwa lokacin da mai gida da baƙonsa suke kwana cikin katanga ɗaya.

Hausawa sun yawaita a wannan yanki ne ta hanyar fatauci a ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya kafa mulkin Adamawa. Falke idan ya iso gari da kayansa yakan sauka wajen fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, a ƙarshe ya sami rabonsa daga la'ada. Ba a cewa ɗan haya a lokacin, baƙo ake cewa. Gidan kuma na ƙasa ne, ko soro mai azara ko ɗakin ciyawa, kuma kowa ya san irin wannan gini ba ya jiran sai ya lalace. Rani na yin nisa ake kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo, a sake baibaya. Mai gida na tsaye a kan aikin, baƙon da ya tarar ana yi shi ma ya naɗe hannun riga ya ɗauki kwando. Gyara a wancan zamani ƙarfin jiki yake ci da tuwon ma'aikata, kuma wanda ruwa zai fara zuba wa a ka shi ne mai gidan da kansa. Dillali ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Aikinsa haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada sau ɗaya, a yi sallama.

Albashi ne ya canza lissafin. Bayan samun 'yanci a 1960 Garwa, mahaifar Shugaba Ahmadu Ahijo, ta cika da ma'aikatan gwamnati, da na masaƙar CICAM, da na kamfanin auduga Sodecoton da aka kafa a 1974. A wannan shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya isa Ngaundare. A 1983 aka raba tsohon lardin Arewa gida uku, Marwa da Ngaundare suka zama hedkwatoci, ma'aikata suka ƙara kwararowa daga kudu. Waɗannan mutane ɗakin siminti da kwano suke nema, mai wuta da famfo, su biya a ƙarshen wata. Attajirai suka ga riba, suka jera ɗakuna da simintin masana'antar garin Figil. Ginin ya fi na ƙasa ƙarko, amma ya zo da nasa sharaɗin. Tsagar siminti ba a toshe ta da gayya, sai an sayi buhu, an kira magini, an biya shi. Daga nan gyara ya koma maganar kuɗi, kuma duk abin da ya koma maganar kuɗi ana iya cewa a bari sai wata mai zuwa.

Doka dai ta riga ta yi rabon nauyin tun kafin wannan. Kundin dokar farar hula da Kamaru ta gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne, ya ce a sashe na 1719 da na 1720 mai gida ne zai miƙa gida cikin kyakkyawan hali, kuma shi zai ci gaba da yin duk gyaran da ya zama dole, ban da ƙananan da ke kan ɗan haya. Sashe na 1754 ya lissafa ƙananan: gilashin taga, makullai, sakata, fatar ƙofa, shafen gindin bango har tsawon mita ɗaya. Na 1755 ya ɗauke wa ɗan haya ko da waɗannan idan tsufa ne ya ci su ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na 1756, wanda ya ce yasar rijiya da kwashe masai a kan mai gida suke, sai fa idan an rubuta akasin haka. Yau ɗin nan babu rigimar da ta fi ta masai yawa a gidan haya mai ɗakuna goma, amma ƙalilan ne cikin masu rigimar suka san an yanke hukuncinta shekaru fiye da 200 da suka wuce.

A zauren malamai kuma wani karatun ake ji. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, amma idan ɓarnar tana cutar da mazaunin, yana da zaɓin ya warware hayar ya tashi. Wannan hukunci yana da ma'ana a garin da ɗaki ke da sauƙin samu. Ga magidancin da ya riga ya zuba kuɗin watanni a gaba, ya ajiye kosiyon, wato kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa, 'ya'yansa kuma suna makarantar unguwar, tashi ba ƙaramin abu ba ne.

Sai karayar tattalin arziki ta zo. An rage albashi sau biyu a 1993, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Ƙusa, fenti, bututun ruwa, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, 'yan haya kuma suka fara bin bashin watanni. Masu gidaje da yawa sun koyi ɗabi'ar karɓar abin da ya samu su ƙyale ginin, ɗabi'ar da ba ta bar mu ba har yanzu. A daidai wannan lokaci ne kuma waɗanda suka gina gidajen farko suka fara rasuwa. Gida ya zama na gado, magada goma sha wani abu, wani a Kano, wani a Injamena, wata tana aure a Kuseri. Kowa yana son kasonsa na haya cif-cif, ba mai yarda a taɓa nasa don sayen katako. Dole aka nemi wanda zai riƙa tara kuɗin, kuma mafi kusa shi ne dillalin da ya kawo 'yan hayar tun farko, wanda ake kira demarshe.

Nan ne, a ganina, aka yi kuskuren da muke biya har yau. An ɗauki mutumin da sana'arsa haɗa ciniki ce aka ɗora masa wakilci, ba tare da an faɗa masa iyakarsa ba. Dillali yana cin la'adarsa ne idan sabon ɗan haya ya shiga, galibi kuɗin wata guda. Wakili kuma yana cin kaso ne daga abin da ya tara. Babu ko sisi da ke shiga aljihunsa don ya hau rufi ya duba gara ta ci katako. Idan ma tsohon ɗan haya ya gaji da yoyo ya tashi, sabuwar la'ada ce ta samu. Akwai wakilai masu tsoron Allah da yawa, na san wasu da ke cire kuɗin aljihunsu su sayi ƙusa, amma tsarin bai taimaki nagarinsu ba.

Gwamnati ta yi yunƙurin tsara sana'ar da dokar 18 ga Disamba 2001, wadda ta ce mai dillancin gidaje sai ya yi rajista ya mallaki katin sana'a. Ofisoshi masu allo a ƙofa sun samu, musamman don manyan gidajen da ƙungiyoyin agaji ke kamawa a Marwa tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014. Amma hayar talaka, da ɗakunan ɗalibai da suka yawaita bayan buɗe jami'ar Ngaundare a 1993 da ta Marwa a 2008, mafi yawansu suna hannun dillalin bakin titi ne, da baki ake ƙullawa.

Mai shago ya ɗan fi samun kariya. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci tsakanin Kamaru da wasu ƙasashen Afirka, ta ambaci manyan gyare-gyare da sunansu, rufi da manyan bango da katanga da ramin masai, ta ɗora su a kan mai gida, ta kuma ba ɗan haya damar neman izinin kotu ya yi aikin a kan kuɗin mai gidan idan ya ƙi. Shi kuwa mazaunin ɗaki, abin da ya fi jin labarinsa shi ne kundin hukunta laifuka na 2016. Sashe na 322-1 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ake bi hayar wata biyu a kan yarjejeniyar da aka yi wa rajista, idan bai biya ba kuma bai tashi ba wata guda bayan an kai masa takardar gargaɗi. Tsohuwar dabarar nan ta riƙe haya har sai an gyara ta zama abin tsoro ke nan, har ga waɗanda ba su da takardar komai.

Na taɓa zama a irin wannan gida. Bangon bayan ɗakinmu ya tsage bayan ambaliyar 2012, na kira wakili ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallon tsagar, sannan ya ce, "Malam, wallahi na gani, amma Alhaji bai ba ni ikon taɓa kuɗinsa ba." Na ce, "To Baba, ka ba ni lambarsa mana." Ya ce ai shi ya sa aka ajiye shi, don kada a dami Alhaji. Ban ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. An ba shi ikon karɓa, ba a ba shi ikon kashewa ba, an kuma sa shi ya zama labule.

Waya ta rage wani abu. Yanzu ɗan haya na ɗaukar hoton rufin ya tura ta WhatsApp, mai gida na iya aiko da kuɗin kafinta ta Orange Money ko MTN cikin minti ɗaya. Sai dai ta buɗe wata ƙofar zargi: mai gida yana ganin wakili ya haɗa baki da magini an ƙara farashi, wakili yana ganin ana tuhumarsa a kan aikin da ba a biyansa. Dokar wakilci da ke cikin kundin farar hula ta tanadi maganin wannan, domin sashe na 1993 ya wajabta wa wakili ya ba da lissafin abin da ya yi, na 1998 kuma ya ɗaure wanda ya wakilta da duk abin da aka ƙulla cikin ikon da ya bayar. Abin da ya rage shi ne a rubuta ikon. Masu gidajen da na ga sun huta su ne waɗanda suka zauna da wakili gaban shaidu biyu suka ce: duk gyaran da bai wuce kaza ba ka yi ka kawo rasit, wanda ya wuce ka kira ni, hayar wata ɗaya a shekara kuma a ajiye ta gefe. Wani dattijo a unguwarmu ya ƙara sharaɗi guda, cewa kowane watan Maris, tun zafi na tsakiya hadari bai fara haɗuwa ba, wakili zai zo da kafinta da tsani su bi kwanon ɗaki-ɗaki, ladan wannan rana kuma daban yake biyansa.