Me ake nufi da “kari” a darasin waƙa?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ajin ƴan CI ko CP, wato azuzuwan farko na firamare, a wata lakwal ta Damagaram lokacin waƙa, ya ji mushe ko madam na cewa: “Kun ɓata kari, a sake.” Yara kan koma farko ba tare da an yi musu bayani ba, don kunnensu ya riga ya gane inda aka yi tuntuɓe. Amma in ka tsare babba ka ce ya fassara maka kalmar, sai ya fara soshe-soshen ƙeya.

Kalmar tana yawo a wurare da dama. Akwai karin magana, akwai karin harshe irin wanda ke raba bakin Damagaram da na Kano, akwai karin sauti wanda shi ke bambanta kuka ta miya da kukan jariri, ko wuya na jiki da wuyar rayuwa. A waƙa kuwa, kari shi ne ma'aunin da baiti ke takawa a kai: inda murya ke ja, inda take tsinkewa, da yadda hakan ke dawowa a kowane layi.

Tushensa gaɓa ce. Hausa na da gaɓa mai nauyi, wato doguwa, da marar nauyi, wato gajera. A ce “gero”: gaɓoɓi biyu, duk masu nauyi. “Ruwa” kuwa ta farko gajera ce, ta biyu doguwa. “Kasuwa” doguwa, gajera, doguwa. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da ajami sun ɗora wannan a kan awon Larabci, wato arulli mai bahari (nau'in awo) 16, irin su Kamil da Mutaƙarab. Makaɗan baka ba su jira littafi ba. Nasu awon yana cikin ganga da kalangu, shi ya sa mai kalangu ke iya kiran taken mutum ba tare da ya buɗe baki ba, kiɗan yana bin hawa da saukar maganar.

Ni dai a ganina kuskuren da ake yawan yi shi ne fara darasin daga allo. Yarinyar da ta tashi a unguwar Birni ko Zango ta san kari tun kafin a sa ta lakwal. Ta ji luguden mata biyu a turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi, ɗaya ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba tare da ta rasa bugu ba. Ta yi gaɗa da dare, ta faɗa baya ƙawaye sun tare ta daidai kan tafi. In ta yi jinkirin bugu ɗaya, ƙasa za ta sha. Wace jarrabawa ta fi wannan?

Na ga wata malama a ajin zana, ba ganga ba komai sai tebur. Ta ba yara amshi: “Ruwa ya sauka, gero ya yi.” Suka tafa shi har ya zauna. Sai ta ce kowa ya kawo layinsa da zai hau wannan tafin. Wani yaro ya jero magana doguwa kan akuyar gidansu, tun bai kai ƙarshe ba ajin ya fashe da dariya, don tafi ya ƙare ya bar shi a hanya. Ta ce, “Rage kaya, ɗana, jakin ya gaji.” Ya zubar da kalma biyu, layin ya zauna daram. Ƙirƙirar waƙa ke nan a matakin yara: a riƙe kari, a sauya kalmomi. Daga nan ta fitar da su fili aka mai da tafin taku, dama, hagu, juyi.

Wannan hanya na bukatar harshen gida, kuma Damagaram ba baƙuwa ba ce a nan: a garin aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Marigayi Mamman Barka, haifaffen Tesker wanda duniya ta sani da kiɗan biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya, shi ma aikin koyarwa ya fara yi yana kaɗa gurmi.

Sai dai a kiyaye ɗaukar sauri a matsayin kari. Yara in sun ji daɗi gudu suke ƙarawa, har amshi ya hau kan baiti. Malamar nan da ta ga haka ba ta yi tsawa ba, rage bugun teburinta ta yi sannu a hankali har suka dawo bayanta.