Waiwaye: Yadda rigimar mawaƙan rock ta haifi tambarin "Parental Advisory"

Duk mai sauraron waƙoƙin zamani a waya ya san ɗan tambarin nan mai baƙi da fari da ake maƙalawa a kusurwar hoton faifai. Matasan mawaƙanmu na hip-hop ma sukan manna shi, wani lokaci ba tare da akwai ko kalmar batsa ɗaya a waƙar ba, har a gaban riga ana buga shi don ado. Asalinsa gargaɗi ne ga iyaye cewa abin da ke ciki bai dace da kunnen yaro ba. Mutane da yawa sun ɗauka tare da kiɗan rap ya zo duniya, amma a rigimar da ta haife shi a Amurka a 1985, yawancin waɗanda aka nuna wa yatsa masu kaɗa jitar lantarki ne, ma'abota kiɗan nan mai ƙara da ake kira hard rock da heavy metal.

A farkon shekarun 1980 akwai wani titi a Los Angeles, Sunset Strip, mai jerin gidajen rawa irin su Whisky a Go Go da Roxy da Gazzarri's. A nan wasu samari suka ɗauki kiɗan da Led Zeppelin da Black Sabbath da Deep Purple suka kafa a Ingila, suka sassauta masa nauyi, suka ƙara masa amshi mai saurin kama baki, sannan suka yi masa kwalliya. Maza ne, amma da kwalli da janbaki da hoda, gashi an tayar da shi sama da feshi, wandon fata matsattse, takalmi mai dogon dunduniya. Salon da aka sa wa suna glam metal ke nan. Mötley Crüe, wadda aka kafa a 1981, ita ce a sahun gaba, Ratt da W.A.S.P. na biye, daga baya Poison ta shigo. A can New York kuma Twisted Sister ta shafe kusan shekara 10 tana kiɗa a mashaya kafin duniya ta san da ita.

Da a gidajen rawa abin ya tsaya, da ba wanda zai kai ƙara majalisa. Tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi MTV ce, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1981, ta kwaso su ta zube a falon kowane gida. A Nuwamban 1983 faifan Quiet Riot mai suna Metal Health ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na fayafan da suka fi kasuwa a Amurka, abin da faifan metal bai taɓa yi ba. Uwa ta dawo daga aiki ta tarar da ɗanta ɗan shekara 12 ya zuba wa talabijin ido, ga wani ƙato da janbaki yana ihu, ga uba ana wurgo shi ta taga a bidiyon Twisted Sister. Ni ban ga laifin uwar da gabanta ya faɗi ba.

Abin mamaki, waƙar da ta kunna wutar ba ta rock mai ƙara ba ce. Tipper Gore, matar Sanata Al Gore na jihar Tennessee, ta saya wa 'yarta 'yar shekara 11 faifan Prince mai suna Purple Rain, sai suka ci karo da waƙar "Darling Nikki" mai baitin da uwa ba za ta so ta ji tare da 'yarta ba. A 1985 ita da Susan Baker, matar sakataren baitulmali James Baker, da Pam Howar da Sally Nevius suka kafa ƙungiyar iyaye da aka fi sani da PMRC. Jaridu suka riƙa kiran su matan Washinton, saboda mazajensu masu faɗa-a-ji ne a birnin.

Buƙatarsu ta farko ita ce a riƙa yi wa faifai maki kamar yadda ake yi wa fim: harafin X ga batsa da ashar, V ga tashin hankali, D/A ga ƙwaya da giya, O ga tsafi. Suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka ce sun fi kowanne ƙazanta. Akwai Madonna da Cyndi Lauper da Prince a ciki, amma 9 daga cikin 15 na 'yan jita ne: AC/DC, Black Sabbath, Def Leppard, Judas Priest, Mercyful Fate, Mötley Crüe, Twisted Sister, Venom da W.A.S.P.

Ranar 19 ga Satumba, 1985, kwamitin kasuwanci na Majalisar Dattawa ya yi zaman jin bahasi ƙarƙashin Sanata John Danforth. Al Gore na cikin 'yan kwamitin, matarsa kuma na cikin masu ba da shaida. Babu wani ƙudurin doka a gabansu, har Sanata James Exon ya tambaya a fili, to me ya tara su? Sanata Paula Hawkins ta ɗaga bangon fayafai tana nunawa, aka kunna bidiyon Van Halen da na Twisted Sister a zauren.

Mawaƙa uku suka zo kare sana'arsu. Frank Zappa ya zo da kwat da gajeren aski da harshe mai kaifi, ya ce maganin da ake son kawowa ya fi cutar illa, har wani sanata ya tsawata masa. John Denver shi ne ya ba kowa mamaki. Mutum ne mai waƙoƙin tsaunuka da karkara, kamili a idon jama'a, ana zaton bayan iyayen zai bi. Sai ya ba su labarin yadda wasu gidajen rediyo suka taɓa hana sa waƙarsa "Rocky Mountain High" bisa zaton maye take yabo, alhali murnar kwana a kan tsauni ce yana kallon taurari. Ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na ukun ne ya fi tsaya mini a rai. Dee Snider, jagoran Twisted Sister, ya shigo da wandon jins da riga marar hannu, gashi buzu-buzu har kafaɗa. Ya sa hannu a aljihun baya ya zaro takarda a ninke, ya warware ta a kan teburi. Da ganin fuskokin sanatocin, sun gama yanke masa hukunci. Ya gabatar da kansa: magidanci ne, yana da ɗa ɗan shekara 3, Kirista ne, ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya taɓa ƙwaya. Sannan ya ɗauki zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Waƙarsu "Under the Blade", wadda Tipper Gore ta fassara da ɗaure mace da azabtar da ita, ya ce ya rubuta ta ne lokacin da za a yi wa makaɗin jitarsu tiyata a maƙogwaro, kuma tsoron wuƙar likita take bayyanawa. Ita kuwa "We're Not Gonna Take It" da aka sa a jerin tashin hankali, babu duka ko jini a baitocinta. Bidiyon ne mai faɗe-faɗe, shi ma irin na katun, inda wanda ya faɗo daga bene yake tashi ya kaɗe ƙura. Da aka tambaye shi ko adalci ne a ce iyaye su zauna su saurari duk faifan da yaro ya sayo, ya amsa cewa zama uba dama ba abu ne mai sauƙi ba, kuma shi da matarsa ne ke da alhakin tace abin da ɗansu zai ji.

A ganina a nan matan PMRC suka yi tuntuɓe. Damuwarsu gaskiya ce, amma sun haɗa mai laifi da marar laifi a buhu ɗaya, kuma da aka kama su da kuskuren fassara sau ɗaya, sauran maganarsu ta yi rauni. Alhali akwai abin faɗa. W.A.S.P. tana ɗaure mace a kan dandamali a matsayin wasa, tana jifan 'yan kallo da ɗanyen nama. Bidiyoyin wannan zamani sun mayar da mace kayan ado, ana nuna ta a keji ko a kan mota. Wannan ba sharri aka yi musu ba.

Sai dai ɓarnar da ta fi girma ba a baiti take ba. Watanni 9 kafin zaman majalisar, ranar 8 ga Disamba, 1984, Vince Neil na Mötley Crüe ya tuƙa mota a buge a Redondo Beach, ya yi karo da wata. Abokinsa Razzle, mai gangar ƙungiyar Hanoi Rocks, ya mutu yana da shekara 24, mutum biyu da ke ɗaya motar suka samu munanan raunuka. Hukuncinsa kwana 30 a gidan yari da diyyar dala miliyan 2.6, ko kwana 30 ɗin ma bai cika ba. Bon Scott na AC/DC giya ta kashe shi a Fabrairun 1980, John Bonham na Led Zeppelin ya bi shi a Satumbar wannan shekara. A Disambar 1987 da ƙyar aka ceto Nikki Sixx na Mötley Crüe daga mayen hiroyin, a Janairun 1991 kuma Steve Clark na Def Leppard ya tafi yana da shekara 30. Kamfanonin da ke kwasar riba sun san halin da yaransu ke ciki, kuma wannan rayuwar ce ake tallata wa matasa a matsayin burgewa. Ba a kan wannan aka gina zaman majalisar ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Su kamfanonin ma ba su yi wani dogon ja-in-ja ba. Tun a watan Agusta, kafin zaman, 19 daga cikinsu sun yarda su riƙa sa gargaɗi. Zappa ya tona dalilin: a daidai lokacin, ƙungiyar kamfanonin faifai ta RIAA na neman majalisa ta sa haraji a kan kaset marar komai, wanda mutane ke saya su naɗi waƙa a gida, a riƙa ba su kuɗin. Wanda ke roƙon sanata ba zai so ya ɓata da matar sanata ba. Ranar 1 ga Nuwamba, 1985, aka sanar da yarjejeniya: babu maki, babu haruffa huɗu, gargaɗi ɗaya ne kawai, kuma kamfani ne da kansa zai ga dama ya sa ko ya bari. Harajin kaset ɗin bai samu shiga ba. A 1990 aka daidaita tambarin ya zama baƙi da farin da muka sani.

Daga majalisa rigimar ta koma kotu, kuma wannan ɓangaren ne mai ciwo. Iyayen wani matashi ɗan shekara 19 a Kalifoniya da ya kashe kansa a 1984 sun maka mawaƙin metal Ozzy Osbourne a kotu kan waƙarsa "Suicide Solution". Shi ya ce waƙar gargaɗi ce kan yadda giya ke kashe mai shanta, kotu ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1988. A jihar Nevada kuma wasu samari biyu suka harbi kansu a Disambar 1985 bayan sun wuni suna shan giya da wiwi suna sauraron Judas Priest. Ɗaya ya mutu nan take, ɗayan bayan shekara 3. Lauyoyin iyalan suka ce an ɓoye umarni a cikin sautin faifan Stained Class, wanda kunne ba ya kamawa amma ƙwaƙwalwa na ɗauka. A 1990 aka shafe makonni ana shari'a a Reno, ana juya faifai baya da gaba, har mawaƙin ƙungiyar, Rob Halford, ya rera waƙa a gaban alƙali. A watan Agusta alƙalin ya wanke ƙungiyar. Ba na iya karanta labarin nan ban tausaya wa iyayen ba. Wanda ya binne ɗansa dole ya nemi dalili, kuma faifan da ya tarar a ɗakin yaron shi ne mafi kusa da hannu.

Shi kuwa tambarin, aiki biyu ya yi masu karo da juna. Manyan kantuna irin su Walmart suka ƙi sayar da duk faifan da ke ɗauke da shi, wanda ya tilasta wa kamfanoni fitar da kwafi na biyu da aka goge kalmomin. A wajen matasa kuma ya zama shaidar cewa kayan na da zafi, faɗuwa ta zo daidai da zama ga masu talla. Warrant ma a 1990 ta tattara ashar zalla ta sa a ƙarshen faifanta Cherry Pie da sunan Tipper Gore, don tsokana. Snider, wanda ya fi kowa tsayawa, bai ci ribar tsayuwarsa ba: faifan da suka fitar a ƙarshen 1985 bai kama ƙafar na baya ba a kasuwa, zuwa 1988 ƙungiyar ta watse.

Glam metal kansa ba majalisa ce ta kwantar da shi ba, kasuwa ce. Ƙungiyoyi suka yi yawa, duk kama ɗaya, kowa da waƙar soyayyarsa mai sanyi don rediyo. A Satumbar 1991 Nirvana ta fito daga yankin Seattle da faifan Nevermind, babu kwalli babu feshi, a Janairun 1992 ta sauke Michael Jackson daga matsayi na ɗaya. Kamfanoni suka juya wa masu janbaki baya cikin ɗan lokaci. Kafin nan ma faɗan ya riga ya koma kan rap, da shari'ar 2 Live Crew a Florida a 1990 da hayaniyar Ice-T a 1992. A 1993 Al Gore ya zama mataimakin shugaban ƙasa, PMRC ta yi ta dusashewa. Tambarin ya wanzu, ya bi waƙa zuwa intanet, inda ya ƙanƙance ya zama ɗan harafin E da ake gani a gefen sunan waƙa a Spotify da Apple Music.

A cikin waƙoƙi 15 ɗin nan akwai guda da ba na jin wani zai kare ta da sunan kuskuren fassara, wato "Animal" ta W.A.S.P., wadda cikakken sunanta ma ba ya rubutuwa a nan. Kamfaninsu, Capitol, ya cire ta daga faifansu na farko tun 1984, kafin a kafa PMRC, sai wani ƙaramin kamfani a Ingila ne ya fitar da ita. Hayaniyar 1985 ta ƙara mata farin jini, ta zama waƙar da 'yan kallo ke jira a kowane wasa. Daga baya mai waƙar, Blackie Lawless, ya koma ga addininsa na Kirista, ya cire ta daga wasanninsa da kansa, ya shafe shekaru masu yawa ana roƙonsa ya rera ta yana ƙi.